Gasket ɗin manifol ya ƙone karo na uku a 1113 ɗina, ina laifin yake?

Mai 1113, Garwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tsohuwar Mercedes 1113 mai gajeren hanci, injin OM352 marar turbo, gadon mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Albasa nake ɗauka daga Marwa zuwa Ngaundare, in dawo da abin da ya samu a tashar jirgin ƙasa. Damuwata gasket ɗin manifol, wato jwan ɗin kolekta yadda ake cewa a garejin unguwarmu, abin da ke toshe tsakanin inji da ƙarfen da ke tattara hayaƙin silinda. Daga ƙarshen damina zuwa yau sau biyu ana canza shi, ga shi ya sake. Da safe in an tayar da ita sai ka ji tsit, tsit, tsit kamar mutum na tsaki. In ta ɗauki zafi ƙarar takan ragu, amma da mun wuce Mbe mun kama hawan falez, wato dutsen da ake hawa kafin Ngaundare, sai warin hayaƙi ya cika gidan direba. Baƙi ya taru a bakin silinda ta ƙarshe, can wajen bangon gidan direba. Wanda ya yi min aikin ya ce gasket ɗin zamanin nan ne ba su da kyau. Wannan karon ni da yarona za mu yi da hannunmu. Me zan saya, me zan kiyaye?

Direban Tanka: Wa alaikumus salam. Abu mai sauƙi. Sa gasket biyu, ka shafe su da jar silikon, ka ɗaure tamau. Shi ke nan.

Baba Makanike, Marwa: Ɗana mai tanka, Allah ya shirye ka. Silikon a bakin wuta?

Mai 1113, kafin ka kashe ko dala amsa min waɗannan. Da aka canza maka, an ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskar manifol an duba ko ta kantare? An canza gujon (bol marar kai da ke dashe a jikin inji) da noti, ko tsofaffin aka mayar? Bayan tafiyar farko an sake bin su da sifana? Sannan ka kwanta ƙarƙashin motar ka gaya min abin da ke riƙe da bututun salansa daga manifol har baya.

Mai 1113, Garwa: Baba, gaskiya ba a yi ko ɗaya ba. Ya kwance, ya kankare da wuƙa, ya sa sabo, ya ɗaure. Ko awa biyu bai yi ba. Ƙarƙashin motar zan duba da yamma in rana ta yi sanyi, yanzu ƙasar Garwa ba ta kwantuwa.

Baba Makanike, Marwa: To ka ji. An bar jaki ana dukan taiki. Gasket da ya ƙone sau uku a wuri ɗaya ba shi ne mai laifi ba, shaida yake ba ka. Tun ina yaron gareji maigidana ke cewa gasket ba ya cike rami, numfashin da ke tsakanin fuska biyu masu santsi kawai yake toshewa. In fuskar ta karkace, ko daga Jamus ka kawo shi, zai ƙone.

Ɗan Teknik, Ngaundare: Baba ya faɗi gaskiya, bari in ƙara dalilin. Manifol ƙarfen zubi ne, wanda muke ce wa font. Hayaƙin injin gazuwal a kan hawa da kaya yana kai digiri 500 zuwa 700. Shi kuwa kulas, wato kan inji, ruwa ke zagaya cikinsa, bai cika wuce 90 ba. Ƙarfen zubi in ya yi zafi yana ƙara tsawo, kusan milimita 1 a kowace mita in zafin ya ƙaru da digiri 100. Manifol mai santimita 60 da ɗoriya ke nan zai iya miƙewa milimita 2 zuwa 3, alhali kulas ɗin da aka ɗaure shi a kai bai motsa sosai ba. Kowace tafiya ya miƙe, kowane dare ya koma. Tsakiya ba ta jin jiki, bakin farko da na ƙarshe su ne ke shan jan. Shi ya sa kusan kullum a silinda ta ɗaya ko ta shida ake ganin baƙin, kuma gujon ɗin can ne ke fara karyewa. Shi ya sa ma ramukan manifol suka fi gujon faɗi, da gangan aka yi, don ya samu wurin zamewa.

Tsakin da kake ji da safe yana raguwa ne saboda ƙarfen ya kumbura ya matse kafar. Ba warkewa ya yi ba.

Silikon kuma, ko ja ɗin, abin da yake jurewa bai wuce digiri 300 da kaɗan ba. Toka zai zama.

Direban Tanka: To ni dai na yi, ya kai ni daga Dabanga har Kusiri.

Baba Makanike, Marwa: Gasket biyu a kan hanya ban hana ba, ni ma na yi. Kai, na taɓa yanka gwangwanin man gyaɗa na yi gasket a dajin Waza, don ba wurin kwana ba ne. Amma wannan na isa gida ne. Gasket biyu suna lotsewa fiye da ɗaya, noti ya saki, wuta ta samu hanya. Wanda ke ƙofar gidansa da sifana a hannu ba shi da uzuri.

Hajiya Mai Motoci, Njamena: Ni ba makanikiya ba ce, amma motoci uku nake ci da su, kuma maganar warin nan ce ta tsaya min. Malam Mai 1113, kada ka sake loda motar nan sai an gyara. Wani direbana ya yi wata guda yana kukan ciwon kai da jiri, muna ta sayen magani, ana cewa shawara ce, ashe hayaƙi ne ke shigowa ta ramin da ke gindin giya. Ranar da barci ya ɗauke shi a kan sitiyari Allah ne ya tsare, gefen hanyar fili ne. Kuma ku ja wa yaran mota kunne, su daina rufe gilashi su kwana a ciki inji na aiki don sanyin hunturu.

Ɗan Teknik, Ngaundare: Hajiya, Allah ya saka. Akwai iskar da ke cikin hayaƙi mai suna kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Injin fetur ya fi fitar da ita, amma gazuwal mai baƙin hayaƙi ma yana fitarwa, kuma a rufaffen wuri kaɗan ya isa. Malam, in ka gama da gasket ka duba robar gindin giya da ramukan da waya ke bi ta bango, ka toshe su.

Mai 1113, Garwa: Na gode Hajiya. Yarona ma ya yi ta cewa idonsa na yaji, ina ce masa ragwanci ne. Allah ya yafe min.

Baba, na shiga ƙarƙashi. Mariƙin da ya kamata ya kama bututu a jikin giyabos babu shi, ramukan kawai suka rage. Can baya wajen tukunyar salansa da waya aka ɗaure. Na kama bututun na girgiza, har manifol nake jin motsin.

Baba Makanike, Marwa: Alhamdu lillahi, ɓarawo ɗaya ya shiga hannu. Wato duk nauyin bututun nan a wuyan manifol yake rataye, kana bin ramukan hanya da shi yana fizga. Duba kujerun inji ma. In robarsu ta mutu, inji na rawa gefe guda, salansa na rawa gefe guda, gujon ne ke raba faɗa.

Ga yadda za ka kwance. Kada ka yi gaggawa, aikin na kwana biyu ne ko uku. Yau da dare ka goge kan kowane noti da burushin waya, ka jiƙa su. In kana da man fesa na tsatsa to, in babu man birki ko gazuwal. Gobe da safe ka ƙara, da rana ka ƙara. In ka zo kwancewa kada ka sa sifana mai buɗaɗɗen baki, soket mai kusurwa shida za ka sa, wanda ya zauna daram. Ka ɗan buga kan notin da guduma, ba dukan faɗa ba, sallama kawai. Sannan ka fara ɗan ɗaure shi kaɗan kafin ka juya baya, tsatsar takan karye a nan. In ya taho ya tsaya, mayar da shi, zuba mai, sake dawowa. Gaba, baya, gaba, baya. Wanda ya ƙi, a gasa notin da wuta har ya yi ja, ba gujon ba, notin. Fara daga bakin nan biyu ka taho tsakiya.

Abin da na hana ka: sa dogon bututu a kan sifana ka ba yaro ya hau.

Alhaji Mai Kayan Gyara, Garwa: Tunda an wanke gasket daga zargi bari in shigo, da na yi shiru don kada a ce talla nake. Iri uku ke zuwa mana, wasu ta Duwala, wasu ta Mubi daga Kano. Akwai mai ƙarfe zalla falle-falle, akwai mai ƙarfe a waje da laushi a ciki, akwai kuma wani mai kama da kwali da aka fesa wa ruwan azurfa. Na ukun nan ina sayarwa don ana nema, amma ban taɓa sa wa motata ba. Araha ba ta ado. Tsohon inji wanda fuskarsa ta sha duniya, mai laushi a ciki ya fi yi masa haƙuri. Mai ƙarfe zalla ya fi daɗewa, amma sai fuskar ta zama kamar madubi.

Ka zo da tsohon a hannu mu gwada, kada ka aiko yaro da baki. Kuma ka sayi gujon da noti sababbi gaba ɗaya. In bol ne ka duba kansa, ka ga an buga 8.8 ko 10.9. Wanda kansa ba rubutu na ƙofar gida ne, ba na inji ba.

Yaron Gareji: Alhaji, noti na tagulla fa? Ogana shi yake sa wa.

Alhaji Mai Kayan Gyara, Garwa: Ogan naka ya san aiki. Na tagulla, ko wanda aka yi wa rufin jan ƙarfe, ba ya haɗewa da gujon ya zama abu ɗaya. Ranar kwancewa za ka gode masa. Sai dai tagulla zalla tana da laushi, in ka ja da ƙarfi haƙorinta ke tafiya.

Mai 1113, Garwa: Jama'a, inna lillahi. Kwana biyu ina jiƙawa kamar yadda Baba ya ce. Duk sun fito lafiya, na ma tarar motar ta bi hannu da yawa, wasu ramukan bol ne wasu gujon, har da wani dogo da aka cika wa washa biyar. Saura na ƙarshe na ƙasa, wajen bango. Ina taɓa shi, wallahi ban ja ba, sai ya zo a hannuna. Ya karye daidai da fuskar kulas, ko abin kamawa babu. Bakin karayar rabi baƙi ne da tsatsa, rabi fari.

Baba Makanike, Marwa: Kwantar da hankalinka, ba kai ka karya shi ba. Rabin baƙin nan tsohuwar tsaga ce, ya daɗe a haka, da ƙyar yake riƙe. Ɓarawo na biyu ke nan. Wanda ya yi maka aiki sau biyu ya ji shi a hannunsa yana laushi, ya lallaɓa ya bar maka.

Yaron Gareji: Oga, a huda tsakiyarsa a sa abin zaro karyayyen bol ɗin nan mai haƙorin hagu. Akwai a kasuwa, ba tsada.

Mai Walda, Kusiri: Kai yaro, tsaya! Kada ka sa masa wannan abin. Rabin kulas ɗin da ake kawo min ana kuka, shi ne ya karye a ciki. Ƙarfensa ya fi na gujon tauri nesa ba kusa ba, ga gautsi. In ya karye a rami, bakin dirila ba ya cinsa, aikin awa ɗaya ya koma na kwana uku. Yana amfani ga bol ɗin da ya karye da tsafta, ba wanda tsatsa da wuta suka aurar shekara da shekaru ba.

Malam Mai 1113, nemi mai walda wanda hannunsa ba ya rawa. Ga yadda nake yi. Na farko a cire kan batir, don kada a ƙone altanato. Wayar ƙasa ta injin walda a maƙala ta a jikin kulas kusa da wurin, ba a jikin shasi ba, don kada wuta ta bi ta cikin boris. A samu washa mai kauri wadda raminta ya ɗan fi gujon ƙanƙanta ko daidai da shi, a ɗora, a ɗiga walda ta tsakiya ta kama gujon da washa. Sannan a ɗora noti babba a kan washar a cika cikinsa da walda. Ƙarfen zubi ba ya saurin kama waldar talaka, shi ya sa in hannu ya ƙware kulas ba ya lalacewa.

Sirrin ba a notin yake ba, a zafin yake. Gujon ya yi ja, ya so ya kumbura, rami ya hana shi, in ya huce sai ya ɗan tsuke, tsatsar da ke tsakani ta farfashe. Don haka kada a juya da zafi. A bari jan ya tafi, a ɗiga mai ko a goga kyandir ya narke ya bi haƙorin, a sha shayi, sannan a fara gaba da baya a hankali. In notin ya ɓalle a sake wani. Na taɓa yin sau shida a gujon ɗaya, a na bakwai ya fito. Kowane zagaye ƙara sakinsa yake.

In duk ya ƙi, sai huda. A nan kuma a mayar da manifol a ɗaure shi da bol biyu ya zama jagora, a buga tsakiya da ponci, a fara da ƙaramin baki. A yi wa bakin dirila alama da tef daidai zurfin ramin maƙwabcinsa, don bayan ramin nan ruwa ne. Ka zarce, ka huda hanyar ruwa, ka sayi kulas.

Baba Makanike, Marwa: Babarbare ya yi magana mai kyau yau, a rubuta ranar.

Mai Walda, Kusiri: Baba, ai mu muka koya wa Fulani riƙe sifana, da sanda kawai kuka sani.

Mai 1113, Garwa: Hahaha, ku dai ba kwa gajiya. Na kawo wani mai walda daga Yelwa, na karanta masa abin da Mai Walda ya rubuta, ya ce haka yake yi sai dai bai saba sa washa ba. Noti na farko ya ɓalle, na biyu ya ɓalle, na uku muka ji ƙiiƙ, ya motsa. Wallahi sai da na yi kabbara. Haƙorin ramin lafiya lau, mun bi shi da ƙarfen gyaran haƙori mun wanke.

Yanzu ga maganar fuska. Na ɗora ƙarfen awo na kafinta a kan manifol, tsakiya ta zauna, bakin ƙarshe ya ɗaga. Na zura ganyen awon bawul, na milimita 0.8 ya shige. Ɗaya bakin 0.3. Fuskar kulas kuwa lafiya, sai ɗan zaizaya inda wuta ta riƙa bi.

Ɗan Teknik, Ngaundare: 0.8 ya yi yawa ƙwarai, ba gasket ɗin da zai rufe wannan. Kai manifol ɗin wurin masu injin gyaran fuskar kulas su share shi. Ka ce su ci iya abin da zai daidaita, kada su ƙara. Kafin ka biya kuɗi ka wanke shi da gazuwal ka duba tsaga, musamman tsakanin rassa da inda bututu ke haɗuwa. Ka rataye shi da waya ka ƙwanƙwasa: lafiyayye yana amsawa kamar ƙararrawa, mai tsaga muryarsa a dushe take.

Direban Tanka: Kuɗin inji na me? A shimfiɗa samfefa a kan gilashi mai kauri a yi ta gogawa. Haka muka yi wa tawa.

Baba Makanike, Marwa: Wannan karon ba ka yi ƙarya ba, ana yi. Amma ga ƙaramin manifol ne, ko wanda ya kauce kaɗan. Na silinda shida da 0.8, yaron zai yi kwana biyu yana gurza, hannu kuma ba ya danna ko'ina daidai, sai ka cinye gefe ka bar tsakiya. Garwa ba ƙauye ba ce, akwai masu injin. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne dutsen gurza na hannu. Na ga wanda ya yi, fuskar ta koma kamar hanyar Mora.

Wani abu kuma, ɗana. In ka zo mayarwa za ka iya tarar da ramukan bakin nan biyu ba su hau kan gujon ba, kamar manifol ya gaje. Ba idonka ba ne, tsohon ƙarfen zubi da ya sha wuta yakan tsuke. Kada ka buga shi da guduma ya shiga dole, in ka yi haka sabon gujon zai karye kamar na da. Ɗauki zarto mai zagaye ka ɗan faɗaɗa ramin ta gefen da ya matse, har ya shiga da hannu yana ɗan wasa.

Ɗan Teknik, Ngaundare: Kuma wajen kankare tsohon gasket a jiƙa shi tukuna. Na da da yawa da asbesto aka yi su, ƙurarsa in ta shiga huhu ba ta fita, cutar kuma sai bayan shekaru take bayyana. Kada a hura da iska, kada a sa burushin inji. A cusa tsumma a kowace kafa don datti kada ya faɗa kan bawul, a ƙirga su wajen sawa, a ƙirga wajen cirewa.

Wajen ɗauri: a kama duka da hannu tukuna, sannan a fara daga tsakiya a yi waje, dama da hagu, a zagaye uku, kowane zagaye a ƙara ƙarfi. Da sifana mai awo. In akwai littafin injin a bi shi. In babu, bol M10 mai lamba 8.8 a jadawalin gama-gari wajen 45 zuwa 50 ne a ma'aunin Nm, M8 kuma wajen 25. In an shafa man jan ƙarfe a haƙori a ɗan rage, don mai yana sa ya matse fiye da abin da sifana ta nuna.

Baba Makanike, Marwa: Sifana mai awo! Shekara arba'in ina ɗaure manifol, awona na nan a gwiwar hannu.

Ɗan Teknik, Ngaundare: Baba, ban musa ba, hannunka ya riga ya haddace. Amma Malam Mai 1113 ba shi da hannunka, kuma ba a aikawa da shi ta waya. Mutumin da gasket ya ƙone masa sau uku, in ya kama sifana da haushi zai ja. Nan ne ake miƙar da gujon.

Baba Makanike, Marwa: To, ka kayar da ni a nan. Ya ara. In bai samu ba ya riƙe sifana gajera, tsawon tafin hannu da rabi, ya ja da hannu ɗaya, kada ya sa kafaɗa. Kuma a tsakiya zuwa waje ɗin nan ba mu da saɓani, kamar shimfiɗa tabarma ne, daga tsakiya kake korar ƙundumi.

Amma akwai tambayar da nake ta jira wani ya yi, ba wanda ya yi. Me ya gasa manifol ɗin har ya kantare haka? Mai 1113, tsakaninka da Allah, an taɓa famfon man motar nan?

Mai 1113, Garwa: Baba kai ma dai. An taɓa. Bara na ga tana jan ƙafa a falez, wani ya ce bari ya buɗe mata mai kaɗan. Ta ƙara ƙarfi kam, amma hayaƙi har na baya ba ya ganin hanya.

Baba Makanike, Marwa: Na uku ke nan, kuma shi ne ubansu.

Ɗan Teknik, Ngaundare: Injin nan lita 5.7 ne, ba turbo, iskar da ya shaƙa da kansa ita ce iyakarsa. Ka ƙara mai ba ka ƙara iska ba, ragowar man yana fita yana ci da wuta, a manifol yake ƙarasa ƙonewa. Ga shi Garwa tsayinta bai fi mita 250 sama da teku ba, Ngaundare ta haura 1,000, iskar sama ta fi sirantaka, wato daidai inda kake taka ta da ƙarfi nan ne take samun iska mafi ƙaranci. Ƙara da ƙurar hunturu a matatar iska. In irin mai kwanon mai ce, a wanke a zuba sabon mai daidai alama. A kai famfo da nozul, wato bakin feshin mai, a gwada a kan bencin gwaji, a duba lokacin feshi, don in ya yi latti shi ma yana gasa salansa.

Kuma sunan motar da kansa yana faɗa maka: 11 ɗin tan goma sha ɗaya ne, 13 ɗin doki 130. Tan goma sha ɗayan nan har da nauyin motar kanta.

Hajiya Mai Motoci, Njamena: Wannan yaron so yake mu daina cin abinci. Wa ke loda tan goma sha ɗaya har da mota, ga kuɗin gazuwal, ga na hanya? Amma dai Malam, rage buhu goma ya fi ka kwana a falez kana gadin albasa tana ruɓewa.

Mai Walda, Kusiri: Ƙari ɗaya tunda an zo nan. Ku hana yaran mota watsa wa inji ruwa da an tsaya wai ya huce, haka ma faɗawa cikin mayo, wato rafi, da gudu da damina. Ruwan sanyi a kan jan ƙarfen zubi, tas, ya tsage. Waldarsa kuma wahala ce: sai an gasa shi duka, a yi da sandar nikel, a binne a toka ko yashi mai zafi ya kwana yana hucewa. Duk da haka ba na ba da tabbaci.

Mai 1113, Garwa: Salam jama'a, ga labari. An share fuskar, ba tsaga. Ramuka biyu sai da na bi da zarto kamar yadda Baba ya faɗa, har na yi dariya ni kaɗai. Alhaji ya ba ni mai laushi a ciki da gujon sababbi, ya kuma ara min sifana mai awo ta wani maƙwabcinsa. Mai walda ya ƙera mariƙi a jikin giyabos, mun cire wayar baya mun sa roba. Kujerar inji ɗaya ta mutu, na canza. Famfo an mayar da shi yadda yake, nozul biyu suna ɗiga, an canza su. Tsumma shida na sa, shida na cire.

Na je Ngaundare na dawo. Ba tsaki, ba wari, yarona har waƙa yake a hanya. Falez kuwa da giya ta biyu muka hau, tana nishi, wani mai babur ma ya wuce mu yana ɗaga min hannu.

Baba Makanike, Marwa: Bar shi ya wuce. Ka sake bin notin?

Mai 1113, Garwa: Af. Ban bi ba Baba, na ga shiru ne.

Baba Makanike, Marwa: Gobe da asuba kafin ka tayar da ita, tana sanyi, daga tsakiya zuwa waje. Sabon gasket yana lotsewa bayan wutar farko. Kada ka mayar wa mutane sifanarsu sai ka yi.

Mai 1113, Garwa: Na bi su yanzu bayan sallah. Na tsakiya ba su motsa ba. Biyun can wajen bango kowanne ya ci kusan kwatan zagaye.

Ɗan Teknik, Ngaundare: Ka ƙara bi bayan tafiya biyu ko uku. In ka iso Ngaundare ka tsaya Sabongari in leƙa, ina son ganin mariƙin nan da aka ƙera, kada ya zama an ɗaure shi ƙam ba wurin motsi.

Mai 1113, Garwa: Ranar Alhamis in sha Allahu. Baba, buhun albasarka na nan, a wane gareji zan sauke?

Baba Makanike, Marwa: Domayo, ka tambayi kowa. Ka zo da tsohon gujon ɗin da ya karye, ina son nuna wa yarana bakinsa.